Shadow 750 ko V-Star 650? Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa riƙewa

Baban Ummi: Assalamu alaikum. Na kai wata shida a wannan zaure ina karatu kawai, yau dai buƙata ta sa na buɗe baki. Shekarata 41, a Kano nake aiki, mahaifiyata kuma tana Dutse, kusan duk ƙarshen mako sai na je na duba ta. Tun ina sakandare nake kan babur. Na riƙe Jincheng, na riƙe Boxer, yanzu Haojue nake hawa zuwa ofis. Abin da raina ya daɗe yana so shi ne kuruza, irin mai kujera ƙasa-ƙasa ɗin nan da mutum yake zama a miƙe, ƙafafu a gaba. Ba ƙato can ba, matsakaici. Na tara abin da Allah ya hore, kuma guda biyu na samu: Honda Shadow 750 a Kaduna, mai shi ya ce ƙirar 2008 ne, sai Yamaha V-Star 650 a Legas, 2007. Duka tokumbo ne daga Amurka. Don Allah wanda ya taɓa riƙe ɗaya daga ciki ya faɗa mini gaskiya, har da wadda ba ta da daɗin ji.

Oga Na-Panteka: Wa alaikumus salam Malam. Shadow ɗin wanne ne a ciki? Shadow 750 gida-gida ne. Akwai ACE, akwai Spirit, akwai Aero. Duba tayar baya ka gaya mini, sarƙa ce ko shaf?

Baban Ummi: Babu sarƙa Oga. A jikin murfin gefe an rubuta Aero.

Oga Na-Panteka: To madalla. Aero tun daga 2004 da shaf yake zuwa, kamar farfelar mota. Shi ma V-Star 650 shaf ne, saboda haka a nan kunnen doki suka yi, kuma a ƙurar ƙasar nan wannan babban sauƙi ne. Sarƙa idan ta haɗu da yashi da mai, sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin kanta tana cin haƙoran. Shaf kuwa giyarsa a rufe take, man giya kawai za ka riƙa canza masa, 80W-90 irin na mota.

Inda suka rabu biyu ne. Na ɗaya, Shadow yana da lagireto, ruwa ne yake sanyaya injin. V-Star iska ce kawai. Na biyu, Aero na waɗannan shekarun kafireta ɗaya gare shi, V-Star biyu. Kafireta biyu sai an daidaita su sun yi numfashi tare, kuma ba kowane bakanike ne yake da na'urar yin hakan ba. Mafi yawa da kunne suke yi. Idan aka yi kuskure, silinda ɗaya ta riƙa shan mai fiye da 'yar'uwarta, fulogi ɗaya ya yi baƙi, ɗaya ya yi fari. Ni a matsayina na mai gyara, Shadow zan ce maka.

Ɗan Maraɗi: Salama alaikum. Oga, ka yi mini haƙuri, ban yarda da kai duka ba. Shekara biyar ke nan ina da wannan Yamaha, nawa daga Turai ya zo, can Drag Star ake ce masa, amma moto ɗaya ne. Ina yin Maraɗi zuwa Damagaram da shi, sama da kilomita 200, har cikin watan Afrilu lokacin da zafi yake wuce digiri 40. Bai taɓa tsaya mini saboda zafi ba. Abin da babu shi ba ya lalacewa. Ba ni da lagireto da zai huje, ba ni da famfon ruwa, ba ni da fanka, ba ni da tiyo. A daji wannan shi ne kwanciyar hankali.

Oga Na-Panteka: Gaskiyarka a kan buɗaɗɗiyar hanya, Alhaji. Iska tana dukan injin, ba shi da damuwa. Amma Malam a Kano yake. Ka tsayar da shi a cunkoson Kurna ko Dangi da rana tsaka, inji yana aiki babu iska, silindar baya da take ɓoye bayan ta gaba ita za ta fara shan wuya. Kuma zafin a cinyarka zai ƙare.

Ɗan Maraɗi: Wannan haka ne, ban musa ba. Ni idan tsayuwa ta yi tsawo kashe shi nake yi. Amma kai ma ka faɗa masa abin da mutanenmu suke yi wa lagireto.

Oga Na-Panteka: Zan faɗa kuwa, don shi ne abin da ya fi kawo mini Shadow gareji. Ruwan rijiya ko na leda ake ɗura masa. Bayan shekara ɗaya ciki ya yi tsatsa da gishiri, robar famfon ruwa ta mutu, ruwa ya fara haɗuwa da baƙin mai. Malam, idan ka saya, ruwan lagireto na gwangwani za ka riƙa zubawa, ka canza duk shekara biyu. Baƙin mai kuma kada ka yarda a zuba maka na mota. Kulocin waɗannan baburan a cikin mai yake wanka, wasu mayukan mota suna da sinadarin da yake sa shi santsi. Ka duba bayan galan, ka ga an rubuta JASO MA.

Abba Mai R6: Yaya, da wannan kuɗin me zai hana ka ƙara kaɗan ka ɗauki mai silinda huɗu? Kuruza nauyi ne kawai babu gudu. Shadow ko ƙarfin doki 50 bai kai ba. Kafin ka isa Wudil ni na kai Dutse.

Baban Ummi: Ƙanina, na gode, amma ba gudu nake nema ba. Ina so na isa wurin tsohuwa bayana bai ƙage ba, na dawo wurin yara lafiya. Idan zai riƙe mini 100 a hanya ba tare da yana kuka kamar Haojue ba, ya ishe ni.

Kawu Direba: Ɗana Baban Ummi, amsar nan da ka ba Abba ta sa na ji zan iya yi maka magana. Na yi shekara 28 ina jan babbar mota, da na ajiye kuma na sayi Suzuki Intruder 800, ina kansa yau shekara tara. Duk abin da Oga da Alhajin Maraɗi suka faɗa gaskiya ne, amma sun yi maganar inji, ba su yi maganar mahayi ba.

Boxer ɗin da ka saba da shi bai wuce kilo 125 ba. Shadow da mai a cikinsa yana kusan kilo 250. Ninki biyu ke nan. A kan hanya ba za ka ji nauyin ba, har ma daɗi yake yi, tirela ta wuce ka iskarta ba ta girgiza ka. Inda nauyin yake jiran ka shi ne a tafiyar ƙafa: juyawa a lungu, shiga gidan mai, fitowa daga soro, tsayawa a gefen titi inda kwalta ta ƙare yashi ya fara. Ƙaramin babur idan ya karkata, ƙafa ɗaya kake sawa ka dawo da shi. Wannan idan ya wuce wani mizani, babu ƙarfin da zai tare shi, sai dai ka janye ƙafarka ka bar shi ya kwanta.

A satina na farko na faɗi a ƙofar masallacin unguwarmu. Ina juyawa a hankali, kan babur a karye, wani yaro ya gifta, na damƙe birkin gaba. Nan take ya kwanta da ni, salansa ta ƙone mini ƙwauri. Tabon yana nan har yau. Darasin da na koya: idan kana tafiya a hankali kai a karye, birkin baya ake takawa, a riƙe kuloci rabi, a ɗan ba shi wuta. A kan gudu kuma akasin haka ne, birkin gaba ne yake yin mafi yawan aikin tsayawa. Mu da muka taso kan ƙananan babura da yawanmu tsoron birkin gaba muke, da na baya muka saba. Da wannan ɗabi'ar ba za ka tsayar da kilo 250 ba idan saniya ta faɗo maka a Wudil ranar Juma'a.

Sai kwana. Matakan ƙafa na kuruza a ƙasa suke, ba ya kwanciya sosai kafin ƙarfe ya taɓa kwalta. Ka rage gudu tun kafin ka shiga kwana, ba a cikinta ba. Haka tudun rage gudu da ake yi a garuruwan kan hanya, cikinsa bai fi tafin hannu da ɗan wani abu daga ƙasa ba, idan ka hau da ƙarfi za ka ji ya daki ƙasa.

Baban Ummi: Allah ya saka da alheri Kawu. Wallahi ban taɓa kawo maganar nauyi a raina haka ba. Na ɗauka tunda kujerar a ƙasa take, ƙafafuna biyu suna taka ƙasa sosai, shi ke nan.

Kawu Direba: Kujerar tana taimako ƙwarai, tsayinta wajen santimita 66 ne, ko gajere zai taka ƙasa. Shi ya sa ake cewa ya dace da mai fara babban babur. Amma taka ƙasa daban, riƙe shi idan ya tafi daban.

Ɗalibi a Indiya: Assalamu alaikum manya. Ni tambaya gare ni. Me ya sa sai tsohon babur mai shekara kusan ashirin? A nan Royal Enfield suka cika titi, a Chennai ake ƙera su. Akwai Meteor 350, akwai Super Meteor 650 da ya fito a 2023, injekta ne (kwamfuta ce take ba injin mai, babu kafireta), giya shida, ga birkin ABS mai hana taya ƙullewa. Ko kuma Honda Rebel 500, wanda aka fara a 2017. Shi nauyinsa wajen kilo 190 ne kawai, ya warware matsalar da Kawu yake faɗa.

Oga Na-Panteka: Ɗalibi, babura ne masu kyau, musamman Rebel. Da kuɗin Malam ya kai, kuma ya samu mai lafiya, ba zan hana shi ba, ABS kaɗai abin so ne. Amma ka tambayi kanka, ranar da famfon mai na cikin tanki ya mutu a Gaya, wa zai gyara? Kafireta ko a gindin bishiya sai a kwance ta a wanke a mayar. Injekta sai kwamfuta, sai an yi odar kaya an jira makonni. Ku tuna gurɓataccen fetur ɗin da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022, mai yawan methanol. Kuma ko ba wannan ba, wanda yake tafiyar hanya wataran dole ya sha man 'yan bumburutu.

Abba Mai R6: Oga a nan kam ban yarda ba. Nawa injekta ne, shekara uku ban taɓa buɗe shi ba. Da sanyin hunturu ma bugu ɗaya yake tashi, babu jan cok. Masu kafireta su ne kullum a gareji ana wanke musu jet.

Oga Na-Panteka: Saboda kullum kana hawa ne, kuma gidan mai ɗaya kake sha. Kafireta ajiya ce take kashe ta, mai ya kwana biyu a ciki ya bushe ya toshe ƙananan ramuka. Injekta ba ta cika lalacewa ba, na yarda. Magana ta ita ce ranar da ta lalace.

Ɗalibi a Indiya: Na fahimta. Wato abin dubawa shi ne wanda za a iya gyarawa a inda mutum yake.

Anti Nas: Ku yi haƙuri na shigo muku, mijina ne ɗan zauren, da wayarsa nake karantawa har na nemi a saka ni. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekara goma sha ɗaya a ɗakin taimakon gaggawa. Baban Ummi, duk zancen nan ban ji ka ambaci hular kwano ba. A cikin kuɗin da ka tara, nawa ka ware mata?

Ba na son na tsorata ka, amma abin da idona ya gani ba zan iya yin shiru a kai ba. Karaya muna ɗorawa, fata tana warkewa. Kai ne idan ya bugu ba mu da abin yi da yawa. Tun ranar 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta saka hular, amma ka tsaya a kowane shataletale ka ƙirga masu ita. Kuma ba irin ta 'yan gini ba, ko ta robar nan da ake sayarwa a bakin titi. Mai rufe haɓa gaba ɗaya, a ɗaure igiyar. Hular da ba a ɗaure ba tana barin kai tun kafin mutum ya kai ƙasa.

Abu na biyu, tufafi. Na karɓi mutumin da babbar rigarsa ta shiga tayar baya ta finciko shi. Na karɓi masu silifa da yatsunsu suka tafi. Na karɓi mata da yawa da salansa ta ƙone, saboda zaman gefe ɗaya. Idan za ka je gaida Hajiya, ka sa kaftaninka a jaka, ka canza idan ka isa.

Na uku, kuma ka yafe mini idan na shiga abin da ba nawa ba: Maman Ummi ta sani? Hajiya ta sani?

Baban Ummi: Anti, ba ki shiga abin da ba naki ba, kin yi mini abin da 'yar'uwa take yi. Maman Ummi ta sani, ba ta so da farko, daga baya ta ce ta yarda bisa sharaɗin ba zan yi tafiyar dare ba. Na ɗaukar mata alkawari. Hajiya ce ban faɗa wa ba tukuna. Ranar Asabar zan faɗa mata, idan ta ce a'a, magana ta ƙare, kuɗin sai su tafi wani wurin. Hula kuwa gaskiya ban ware mata komai ba. Zan gyara lissafi.

Ɗan Maraɗi: Idan za ka sayi kaskin, wato hular kwanon, duba igiyar ko bayansa, ka nemi tambarin ECE 22.05 ko 22.06, ko DOT na Amurka. Kada ka sayi na hannu, ba ka san ko ya taɓa buguwa ba, soson ciki sau ɗaya yake aikinsa. Ka haɗa da safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu.

Kawu Direba: Sharaɗin Maman Ummi shi ne nawa ni ma. Babbar mota na ja, na san abin da direba yake gani da dare. Fitila ɗaya daga nesa ba ka sanin nisanta. Goyo kuma ka manta da shi har sai ka yi wata shida kai kaɗai. A cikin Kano ma ka san yadda dokar goyo take tun da aka hana acaɓa a Janairun 2013.

Baban Ummi: Salam 'yan'uwa, na dawo da labari. Hajiya ta yi shiru ta daɗe, sannan ta ce mahaifina ma da babur ya yi ta zuwa wurinta kafin aurensu, ta yi mini addu'a, ta ce na riƙa kiran ta idan zan taso da idan na isa. Jiya kuma na je Kaduna, Oga ya bar aikinsa ya raka ni wurin Shadow ɗin. Allah ya biya shi. Oga, kai za ka fi iya bayanin abin da muka gani.

Oga Na-Panteka: To. Da farko na ce kada a tayar da shi kafin mu zo, na taɓa injin na ji da sanyi, sannan muka kunna. Ya tashi lafiya, babu hayaƙi, babu ƙara a sama. Mun bar shi har fanka ta kama ta kuma tsaya da kanta. Baƙin mai ba shi da alamar ruwa.

Sai lambar jiki da take wuyan babur. Harufa da lambobi 17 ne, na goma shi ne yake nuna shekara. A nan 5 muka gani. Wato 2005 ne, ba 2008 ba. Mai shi ya ce haka aka gaya masa. Lambar ta yi daidai da ta takardar kwastan, wannan shi ne muhimmi, don babur marar duti wahala ce a kowane shinge, kuma ba za a yi masa lamba cikin sauƙi ba.

Agogonsa ya nuna 18,000, amma mil ne, tunda na Amurka ne. Kusan kilomita 29,000 ke nan, wanda ga wannan injin ba komai ba ne. Malam ka riƙe wannan da kyau: idan allura ta nuna 60, kana kusan 97 ne a lissafinmu. Na san wanda ya yi wata guda yana zaton a hankali yake tafiya.

Na duba ƙafafun gaba da wurin da kai yake tsayawa idan an karya shi, saboda da yawan waɗannan baburan daga gwanjon waɗanda suka yi haɗari ake sayo su. Wannan a miƙe yake. Cikin tanki akwai ɗan tsatsa kaɗan, za a wanke a sa masa matatar mai. Batir yana caji daidai.

Matsalar ita ce tayoyi. Zanen su yana nan kamar sabo, amma lambar da take gefe ta nuna 3214, wato mako na 32 na shekarar 2014. Robar ta bushe ta yi tauri, har ta fara tsagewa a gefe.

Abba Mai R6: Tunda zane yana nan ai zai iya lallaɓawa da su zuwa Kano, ya canza daga baya.

Oga Na-Panteka: A'a Abba. Sama da kilomita 200, a kan babur da bai taɓa hawa ba, da tayar da ta haura shekara goma, ga tireloli daga Zariya har Kwanar Dangora. Ban yarda ba, kuma na faɗa masa a gabansa. A ɗora shi a mota.

Tayar ma sai an nema. Ta gaba 120/90-17, ta baya 160/80-15, ba irin wadda za ka shiga Fagge ka ɗauka nan take ba ce, mai yiwuwa sai daga Legas. Idan ta zo a duba tata shekarar ita ma, don akwai tsofaffi da ake sayarwa a matsayin sababbi. A haɗo da tib biyu, har da na ajiya, domin ƙafar waya gare shi, da tib yake aiki.

Ɗan Maraɗi: Wannan maganar tib ita ce abin da ya fi ba ni wahala a nawa. Moton ba shi da jaki na tsakiya, sai na gefe. Ranar da ƙusa ta shige ni bayan Tasawa, sai da muka nemo turmi da mutum huɗu kafin tayar baya ta bar ƙasa, mai facin kuma bai taɓa cire tayar shaf ba. Ka sa Oga ya nuna maka yadda ake cirewa da hannunka, ka riƙa yawo da sifanun da suka dace. Idan an cire kuma a shafa giris a haƙoran da suke haɗa taya da shaf kafin a mayar. Na so ka ɗauki Yamaha, amma tunda ga mai gyara ka samu wanda ya san Shadow, kuma ka ga babur ɗin da idonka, na Legas kuwa hoto kawai ka gani, ɗauki wannan.

Baban Ummi: Haka na yanke. Saboda shekarar da tayoyin, mai shi ya rage mini abin da zai kusan sayen sababbi. Na ba da kafin alƙalami, ranar Laraba za a ɗoro shi a mota. Tambaya ta ƙarshe, mai fa? Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kowa lissafi yake.

Oga Na-Panteka: Tankin lita 14 ne. Idan kafireta tana daidai kuma ba ka matsa masa ba, ka sa ran kilomita 20 zuwa 23 a lita. Rabin abin da Haojue yake ba ka ke nan ko ƙasa da haka, don haka kada ka sayar da ƙaramin, ka bar shi na zuwa ofis. Ba shi da agogon mai, makunnin riza, wato man ajiya, gare shi a gefe. Ka koyi juya shi da hannun hagu kana tafiya ba tare da ka kalla ba, kuma duk lokacin da ka sha mai ka mayar da shi inda yake.

Anti Nas: Hular fa?

Baban Ummi: Na saya tun jiya Anti, mai rufe haɓa, da tambarin da Alhaji ya faɗa. Jaket da takalmi sai albashi ya shigo, kuma babur ɗin ba zai fita titi ba sai sun zo. Lasina na ajin A ma ya ƙare, zan sabunta a wannan satin.

Kawu Direba: Idan tayoyin sun iso ka yi mini magana ta akwati. Akwai filin makaranta kusa da ni da babu kowa ranar Lahadi bayan Asuba. Ka taho da robobin ruwa guda shida da za mu jera, da tsohon bargo da za mu ɗaura a gefen tanki. Za mu fara da yadda ake ɗaga shi idan ya faɗi.